Amsoshin Tambayoyinku: Mantuwar Tsufa ce ko Cuta?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce mahaifiyarta mai shekara 75 ta fara yawan mantuwa. Tana tambaya, tsufa ne kawai ko cuta?

To Malama, idan shekaru suka ja, ƙarfi kan ragu, ji da gani su yi rauni, ƙwaƙwalwa ta rage sauri. Tsohuwa kan manta inda ta ajiye carbi, can anjima ta tuna. Wannan ba cuta ba ce. Sanin da ta tara yana nan, kuma tsofaffi da yawa sun fi matasa iya danne fushi.

Amma idan Mama tana ɓata a unguwarsu, tana maimaita tambaya ɗaya, ko ta kasa gane jikokinta, alama ce ta cutar gigin tsufa. Nau'inta mafi yawa shi ne Alzheimer, wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa.

Ku kai ta asibiti, domin ciwon damuwa da ƙarancin bitamin B12 ma kan kawo mantuwa, kuma suna da magani. Kada a tsangwame ta ko a jingina mata maita.