DARASIN WANNAN WATA: ZAGAYEN HAMADA DA ƘAFA

Jama'a, darasinmu na wannan wata zai kai mu ƙasar Amurka, jihar Kalifoniya. A can akwai wata hamada da ake kira Mohabe. A wannan yanki gwamnati ta keɓe wani babban gandun daji mai suna Joshuwa Tiri. Sunan wani itace ne da ke fitowa a wurin. Yana da rassa kamar goruba, ganyensa kuma tsini gare shi kamar mashi. A 1994 aka mai da wurin cikakken gandun ƙasa.

Mutane kan zo daga nesa don su yi tafiyar ƙafa a ciki. Ba fatauci suke zuwa ba, ba kuma kiwo ba. Motsa jiki da kallon ƙasa ke kawo su. An shata musu hanyoyi iri uku: mai sauƙi, matsakaiciya, da mai wuya.

Wadda za mu duba ta zagaye ce. Wato inda ka tashi nan za ka dawo, amma ba ta hanyar da ka bi ba. Tsawonta kilomita 10 da rabi ne. Mai lafiya kan gama ta cikin awa uku zuwa huɗu. Sunanta Hanyar Ɓataccen Doki.

Ga asalin sunan. Wajen 1890 wani makiyayi, Joni Lang, ya wayi gari bai ga dawakinsa ba. Garin bin sawu ya ji labarin akwai zinariya a wani tudu. Ya sayi wurin dala 1,000. Daga 1894 zuwa 1931 an haƙo zinariya kimanin kilo 300 da azurfa kusan kilo 500. Injin da ke daka duwatsun yana da taɓare goma na ƙarfe. Har yanzu yana nan tsaye, an kewaye shi da waya saboda tsofaffin ramuka suna iya ruftawa.

Daga inda ake ajiye mota zuwa injin, kilomita 3 ne da ɗoriya, hawa ne a hankali. Mutane da yawa daga nan suke juyawa. Mai son cika zagaye sai ya ci gaba. Zai gangara ta wuri mai duwatsu, inda tsakuwa kan zame da mutum. Zai wuce kufan wani gida da ba abin da ya rage sai murhu. Daga nan ƙasa ta miƙe, sai rairayi har ƙarshe. Wannan sashe ya fi gajiyarwa, domin ƙafa tana nutsewa, ga shi ƙarfi ya riga ya ragu.

 Babu rijiya a hanyar, babu famfo, inuwa ma ba ta taka kara ta karya ba. Lokacin zafi ma'aunin zafi kan wuce 38. Hukumar gandun ta ce kowane mutum ya riƙi ruwa aƙalla lita 4 a rana, in ana zafi kuma ya ninka. Akwai wata dabara mai kyau: idan ruwanka ya kai rabi alhali ba ka kai rabin hanya ba, to ka juya. Kada ka jira ƙishirwa kafin ka sha. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ka ci ɗan abu mai gishiri, domin gumi yana fitar da gishirin jiki.

Ciwon kai, jiri da tashin zuciya alamun rana ta fara bugun mutum ne. A zaunar da shi, a jiƙa masa riga, a ba shi ruwa. In ya fara sambatu, abin ya yi tsanani, sai a nemi taimako nan take. Wannan ya shafi manomi a gona da mai kiwo a daji, ba matafiyi kaɗai ba.

Sai a tashi da sassafe, da malafa da rufaffen takalmi. Akwai maciji mai dafi wanda wutsiyarsa ke ƙara kamar caki, don haka ba a sa hannu a ƙarƙashin dutse. A gaya wa wani inda za a da lokacin dawowa, domin wayar hannu ba ta kamawa a yawancin gandun.

Sanyi ma yana kisa a hamada. Wurin tudu ne, da hunturu har ƙanƙara kan sauka. Joni Lang kansa a haka ya mutu. A hunturun 1925, yana tsoho, ya nufi tsohon ramin nasa shi kaɗai da ƙafa. Sai bayan wajen wata biyu aka tsinci gawarsa. Kabarinsa yana nan a gefen titi.

A gwada wannan lissafi: mutum uku za su bi hanyar nan ranar da ake zafi. Lita nawa na ruwa za su ɗauka?