Amfilifayar Eriya: Yaya Za Mu Kira Ta?

A Amurka akwai motoci masu ɗakin kwana da kicin, waɗanda iyali ke yawon hutu da su. Eriyar talabijin tana kan rufi, amfilifayarta kuma tana shan wuta ta wayar eriyar. Tun 2009 da manyan tashoshinsu suka koma dijital, hoto ko ya fito tas ko ya ɗauke. Shi ya sa ake sauya na'urar da wadda ta fi ƙarfi, irin ta Winegard. Sai dai ƙara sigina take yi, ba ta ƙirƙiro shi. In bakin waya ya yi tsatsa, a fara gyara shi. Ni dai "mai ƙara ƙarfin sigina" nake kiranta, domin Bahaushe in ya ji amfilifaya, lasifikar masallaci yake tunawa.