Yadda Za Ka Hana a Kashe Maka Kwamfuta a Ofis

Ka bar kwamfuta tana sauke babban fayil, ka tafi sallar La'asar. Da ka dawo sai ka tarar da allo baƙi ƙirin, aikin awa biyu ya bi ruwa. Galibi ba da mugunta ake yi ba. Wani ne ya zare waya don ya sa cajin wayarsa, ko masinja ya kashe soket saboda tsoron kada NEPA ta dawo da wuta da ƙarfi.

1. Fara da baki. Ka gaya wa masinja da mai shara da abokin teburinka cewa akwai aikin da ke tafiya. Ka manna takarda a jikin allo: "Don Allah kada a kashe, tana aiki." Ka sa kwanan wata, domin takardar da ta yi wata guda babu mai kallonta.

2. Raba soket. Ka ajiye wani soket na daban a fili don masu caji. Wayar kwamfuta kuma ta bi ta bayan tebur, ka naɗa mata jan tef.

3. Kulle allo kafin ka tashi. Ka danna maɓallin Windows tare da L. Aikinka zai ci gaba, amma ba mai shiga sai da lambar sirri. Alamar kashewa tana nan a kusurwar allon, sai dai mai kula da kwamfutocin ofis zai iya cire ta idan Windows ɗin Pro ne.

4. Hana maɓallin kashewa na jikin kwamfuta aiki. A cikin Control Panel ka shiga Power Options, ka nemi wurin da ake zaɓar aikin maɓallin, ka sa shi a Do nothing. Taɓawa ɗaya ba za ta kashe ta ba. Wanda ya danne shi na wasu daƙiƙu zai kashe ta, kuma gara haka, domin ranar da waya ta fara hayaƙi dole a samu hanya.

5. Nemi UPS. Lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareto ne kwamfutoci suka fi mutuwa. Batirin UPS ɗin zai riƙe kwamfutarka na 'yan mintoci.

6. Adana aiki a kai a kai da Ctrl da S. Word yana ajiye kwafin ceto duk minti 10. Ka rage shi zuwa 2.

7. Bincika kafin ka zargi kowa. Wani lokacin barci kwamfutar ta yi da kanta, ko Windows ya sake kunna ta bayan sabuntawa. Ka gyara lokacin barcinta, ka saita awannin aikinka.

Ranar da ba ta da aiki kuwa, ka kashe ta da hannunka kafin ka tafi. Idan abokan aiki suka saba ganin haka, ranar da suka ga takarda za su gane da gaske kake.