KARATUN LAUYA: A GIDA KO A ƘASAR SIN?

 

Darasinmu na wannan fitowa a kan karatun lauya ne, kuma dalilinsa shi ne tambayoyin da ɗalibai ke yawan kawo mana in sun kusa gama sakandare. Da yawa daga cikinmu muna da uba ko kawu ko wa da ke zuwa fatauci birnin Guangzhou na ƙasar Sin, yana sauka a unguwar Xiaobei, inda fataken Afirka suka yi zango tun wajen ƙarshen shekarun 1990. A nan ne benen Tianxiu yake, da shagunan masu aika kaya, da gidajen abincin halal. Duk wanda ya zauna da waɗannan fatake ya ji kukansu: an biya kuɗi kaya ba su zo ba, ko sun iso Tema ba irin waɗanda aka nuna ba, ko biza ta ƙare mutum bai ankara ba. To, sai yaro mai hankali ya ce bari ya tafi can ya karanta lauya don ya tsaya wa mutanensa. Niyya ce mai kyau, amma tana bukatar ilimi kafin a ɗaura kaya. Ga tambayoyin da amsoshinsu.

Tambaya ta 1: In na yi digirin lauya a Sin, zan iya tsayawa a kotunsu?

Amsa ita ce a'a. Kafin mutum ya zama lauya a Sin sai ya ci jarrabawar ƙasa ta masu aikin shari'a, wadda aka sake wa tsari a 2018, kuma sharaɗin farko na zama wannan jarrabawa shi ne mutum ya kasance ɗan ƙasar Sin. Saboda haka Bagane ko ɗan Nijeriya, ko da ya zo na ɗaya a ajinsu, ba shi da hanyar samun lasisi. Haka kuma dokarsu ta ce baƙon da ke bukatar lauya a kotun Sin, lauya ɗan Sin zai ɗauka.

Abin da aka yarje wa lauya baƙo shi ne ya yi aiki a ofishin wakilci na wani kamfanin lauyoyi na ƙasar waje, yana ba da shawara a kan dokar ƙasarsu da dokokin ƙasa da ƙasa. Ko wannan ɗin ma, ƙa'idar da ta fara aiki a 2002 ta ce sai wanda ya riga ya zama lauya a wata ƙasa, ya kuma yi aikin aƙalla shekara 2 a wajen Sin. Mu lura da wannan da kyau: ita kanta Sin ɗin, lasisin gida take tambaya.

Tambaya ta 2: To in na dawo da digirin gida fa?

A nan ne ake yawan yin asara. Likitanci da injiniyanci kusan iri ɗaya ne ko'ina, domin jikin ɗan Adam ɗaya ne, ƙarfe ma ɗaya ne. Doka kuwa kowace ƙasa da tata. Gana da Nijeriya sun gaji tsarin Ingila, inda hukuncin da manyan kotuna suka yanke a baya yake zama hujja a kan ƙananan kotuna. A Gana wannan gado ya shigo ne ta dokar kafa Kotun Ƙoli ta 1876, kuma tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da shi tare da dokokin gargajiya na al'ummu. Sin kuwa tana cikin ƙasashen da ke tattara dokokinsu a kundi, alƙali ya duba sashe ya yi hukunci. Kundinsu na mu'amalar jama'a, mai sassa 1,260, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2021.

Wanda ya shekara huɗu yana karanta wannan kundi bai karanta tsarin mulkin Gana ba, bai karanta dokar filaye ta Gana ba, bai kuma saba da bin diddigin tsofaffin hukunce-hukunce ba. Waɗannan kuwa suna cikin darussan da ake nema ga mai son zama lauya a gida. Ban da haka, duk takardar shaidar da aka samo a waje sai hukumar kula da manyan makarantu, wato GTEC, ta tantance ta. A Nijeriya ma akwai zangon share fage da Makarantar Horar da Lauyoyi ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje, amma an gina shi ne domin masu digiri irin na tsarin Ingila. Ƙarshenta sai ka ga saurayi ya dawo da takarda mai hatimi ja, can ba a ba shi lasisi ba, nan kuma an ce ya sake zama aji.

Tambaya ta 3: Yaya hanyar take a gida?

Mataki biyu ne. Na farko digirin LLB a jami'a, kamar Jami'ar Gana da ke Legon, ko KNUST ta Kumasi, ko Jami'ar Cape Coast, ko GIMPA, ko UPSA. Wanda ya shiga da sakamakon WASSCE shekara 4 zai yi. Mafi ƙarancin abin da jami'o'i ke karɓa shi ne C6 a darussa 6, uku na dole da uku na zaɓi, sai dai masu neman lauya suna da yawa, don haka mai C6 bai cika samun gurbi ba. A nemi A1 da B2, musamman a Turanci. Wanda kuma ya riga ya yi digiri a wani fanni, akwai LLB na masu digiri, wanda bai kai shekara 4 ba.

Mataki na biyu shi ne horon sana'ar kanta, sannan a rantsar da mutum lauya. An kafa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Gana a 1958, zamanin Kwame Nkrumah, kuma mazauninta a Makola cikin Ankara ya sa kowa ke kiranta Makola. Dokar aikin lauya ta 1960 ta ɗora kula da horon a kan majalisar da ake kira General Legal Council. A 2012 aka fara jarrabawar shiga, ƙofa ta ƙuntata ƙwarai. A 2019 mutum 1,820 suka zauna, 128 kawai suka ci. A 2021 kuma ɗalibai 499 sai da suka yi zanga-zanga suka je kotu kafin a ba su gurbi. Wannan matsi ne ya sa a 2025 Antoni Janar Dominic Ayine ya bayyana shirin gwamnati na mayar da horon ga jami'o'i tare da jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya. Darasin da ke ciki shi ne ƙa'idojin nan suna sauyawa. Kada ɗalibi ya dogara da abin da wansa ya gaya masa shekara biyar da suka wuce. Ya karanta sanarwar hukuma ta shekarar da zai nema, ya kuma tabbatar jami'ar da zai shiga an amince mata ta koyar da lauya kafin ya biya ko sidi ɗaya.

Tambaya ta 4: Ni makarantar Arabiyya na yi. Ina da rabo?

Kana da shi, amma da sharaɗi. Shahadar sanawiyya ita kaɗai ba ta maye gurbin WASSCE, don haka wanda bai da shi ya yi rajista ya zauna, ko da a matsayin mai zaman kansa. Wanda ya kai shekara 25 kuma yana iya bin ƙofar manyan ɗalibai, inda jami'a ke shirya tata jarrabawar. Haka nan digirin Shari'a daga Madina ko Azhar ilimi ne mai daraja, amma ba shi ne LLB ba. Mai son haɗa biyun ya dubi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, inda ake yin LLB da ya haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci cikin shekara 5.

Kada kuma ɗan Arabiyya ya raina abin da ke hannunsa. Wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu ya riga ya san tayi da karɓa, ya san sharaɗi da aibin kaya da zaɓin mayarwa. Wanda ya taɓa usulu ya san bambancin lafazi gamamme da keɓantacce. Wanda nahawu ya horar ya san wasali ɗaya na juya ma'anar jimla. Aikin lauya kuwa rabinsa karatun lafazi ne a tsanake. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne rubutun Turanci, saboda haka a riƙa karanta jarida kullum, a kuma riƙa rubuta shafi guda ana kai wa malami ya gyara.

Tambaya ta 5: Ke nan zuwa Sin ba shi da amfani?

Yana da amfani babba, in an sa shi a muhallinsa. Tsarin da muke ba da shawara shi ne a yi LLB a gida, a zama lauya, sannan a tafi Sin a yi digiri na biyu, wato LLM. Jami'o'i irin su Tsinghua da Peking da Renmin a birnin Beijing suna da LLM a kan dokar Sin da ake koyarwa da Turanci, shekara 1 zuwa 2. A Guangzhou kanta akwai Jami'ar Sun Yat-sen da Jami'ar Jinan, kuma duk suna da tsangayar shari'a. Mai son karatu da Sinanci sai ya kawo shaidar jarrabawar harshe ta HSK, galibi mataki na 4 ko na 5. Ana iya fara koyon harshen tun a gida, a cibiyar Confucius ta Legon ko ta Cape Coast.

Gwamnatin Sin tana ba da tallafin karatu, ana nema ta ofishin jakadanci ko ta jami'ar kai tsaye, yawanci a watannin farko na shekara domin karatun da zai fara a Satumba. Akwai iyakar shekaru: ƙasa da 25 ga digiri na farko, ƙasa da 35 ga na biyu. Ɗalibin da zai wuce kwana 180 bizar X1 zai nema, kuma cikin kwana 30 da shigarsa dole ya mayar da ita takardar izinin zama. A yi hattara da dillalan da ke cewa a shiga da bizar kasuwanci, wai a gyara daga baya. A ƙarƙashin dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013, wanda ya zarce wa'adinsa ana iya cin sa tarar yuwan 500 kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Wanda ya sauka a gidan ɗan'uwa ba otal ba, sai ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Ɗalibi kuma ba ya taɓa aikin kuɗi sai da yardar makaranta da ta hukuma, ko da tsaron shagon kawunsa ne.

Tambaya ta 6: In ba zan tsaya a kotunsu ba, me zan yi wa fatakenmu?

Abu mai yawa, domin galibin asarar Xiaobei tun kafin a je kotu ake yin ta. Lauyan da ya san dokar ɓangarorin biyu zai tabbatar an rubuta yarjejeniya maimakon a tsaya ga saƙon WeChat da amana. Zai duba cewa sunan kamfanin da ke takarda shi ne sunansa na rajista da rubutun Sinanci, ya binciki lambarsa mai alamomi 18 a rajistar gwamnati, ya ga an buga hatimin kamfanin, domin a Sin hatimi yana da nauyi ƙwarai. Zai san cewa wa'adin kai ƙara a yawancin mu'amaloli shekara 3 ne, a cinikin kaya tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa shekara 4, don kada falke ya yi ta haƙuri har haƙƙinsa ya faɗi.

Sannan akwai sulhu ta hannun masu sasantawa. In an rubuta a yarjejeniya cewa saɓani zai je gaban hukumar sasanta rikicin ciniki, kamar CIETAC ta Sin, ƙa'idarta ta yarda baƙo ya wakilci mai ƙara. Hukuncin da aka yanke kuma ana iya zartar da shi a ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Gana ta shiga a 1968, Nijeriya a 1970, Sin a 1987. Ga fili nan buɗe, kuma ɗan zango da ke jin Hausa da Turanci da Larabci, in ya ƙara da Sinanci, samun irinsa sai an tona.

Abin da za mu riƙe

Kafin ka cika takardar neman kowace makaranta, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, a fara amsa tambaya guda: a gaban alƙalin wace ƙasa nake son in tsaya? Amsar ita za ta zaɓa maka jami'a. Bayan nan ka gyara sakamakonka, ka karanta sanarwar hukuma da idonka, ka zauna da iyaye a yi lissafin kuɗin shekara 6 ko fiye tun daga farko, ka kuma nemi lauya guda a garinku ka roƙe shi ya bar ka ka bi shi kotu ko sau biyu ne lokacin hutu. Zama ɗaya a kotu zai nuna maka ko aikin ya dace da kai.

Muna roƙon iyayenmu fatake su ma su taimaka. Kuɗin kwantena guda da ta salwanta ya isa ya ɗauki nauyin karatun yaro mai nisa. Masu wata tambaya su miƙo ta ga kwamitin ilimi, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya so.

Allah ya sa albarka a karatunmu, ya ba mu ilimi mai amfani.