Amsoshin Tambayoyinku: Wane Icce Ya Dace da Tukunyar Busassun Furanni?

Wani mai sauraronmu daga Managil, a jihar Jazira ta ƙasar Sudan, yana tambaya: wane icce ya fi dacewa a sassaƙa tukunyar ado ta busassun furanni, kuma me ya sa nasa ke tsagewa?

To Malam, mun gode. Iccen yana ƙofar gidanka. Aduwa, wadda Larabawan wajenku ke kira hijlij, ita muka fi ba ka shawara. Tana da ƙarfi, tana karɓar gizago, ƙwari ba sa saurin cin ta, shi ya sa masassaƙanmu suka daɗe suna yin allo da ita. Bagaruwa ma tana nan jingim a bakin kogi wajen Sinnar da Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, sai dai taurinta na cin bakin ƙarfe.

Tsagewa kuwa, gaggawa ke kawo ta. Ɗanyen icce idan ya sha rana, bayansa na bushewa yana tsukewa alhali cikinsa da sauran ruwa, dole ya dare. Ka rarake cikin tun yana ɗanye, ka bar kaurin ya daidaita ko'ina, ka ajiye shi a inuwa wasu watanni. In ya bushe ka goge, ka shafa man riɗi.

Kada ruwa ya shiga ciki. Furen kanti ma ba dole ba ne: zangarniyar dawa da reshen auduga da ya fashe sun fi dacewa da ɗakin mutumin Jazira.