Yadda Ƙwayar Marburg da Ebola Ke Shiga Jiki

'Yan uwa ɗalibai da iyayenmu, darasin nan a kan cuta ne da ta zo dab da ƙofarmu.

Ran 13 ga Fabrairu 2023 ƙasar Gini Ikwatoriya ta sanar da ɓullar Marburg a lardin Kié-Ntem, wanda ke iyaka da kudancin Kamaru. Duk mai shiga Sandaga ya san tumatir da kayan miya na bin hanyar Kyé-Ossi zuwa can, direbobi da 'yan kasuwa suna kai da komo. To ka ga ba labarin nesa ba ne. An tabbatar da mutum 17 da suka kamu, 12 suka rasu.

Marburg da Ebola dangi ɗaya ne, ƙwayoyin bairas masu siffar zare. Bairas ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jikin mutum. A bayansa akwai wasu ƙayoyi na furotin da yake maƙalewa da su. Ƙwayar jiki sai ta haɗiye shi cikin 'yar jaka, kamar yadda take haɗiye ruwa. A cikin jakar wasu sinadarai su datse kan ƙayar, abin da ya rage ya zama mabuɗi. Kwaɗon da yake buɗewa sunansa NPC1, kuma a 2011 masu bincike suka gano haka. Abin mamaki, ainihin aikin NPC1 jigilar kitse ne a cikin ƙwayar, ba don cuta aka yi shi ba. Da ƙofa ta buɗe, bairas ya zuba saƙon gadonsa, ƙwayar ta koma buga masa 'ya'ya. Kuma sojojin garkuwar jiki yake fara kamawa, su kai shi hanta da saifa.

Daga nan aka samo dabarar magani: a toshe mabuɗin. Dakta Jean-Jacques Muyembe na Kwango da abokan aikinsa sun samo wani makami na garkuwa daga jinin mutumin da ya warke daga Ebola a Kikwit a 1995. An gwada shi a gabashin Kwango tsakanin 2018 da 2019, ya rage mace-mace, musamman ga wanda aka kawo da wuri. Yanzu sunansa Ebanga. Akwai kuma Inmazeb, da allurar rigakafi Ervebo. Amma duk waɗannan na Ebola irin na Zayar ne, ba sa yi wa Marburg. A Ruwanda a 2024 allurar gwaji aka yi wa ma'aikatan asibiti.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne jana'iza. Cutar na bin jini, amai, gudawa da sauran ruwan jiki, kuma gawar wanda ta kashe cike take da ƙwayar. Mai wanka da hannu tsirara yana iya kai ta gidansa. A ganina barin ma'aikatan lafiya su shirya irin wannan gawa, a yi mata salla daga ɗan nesa, ba wulaƙanci ba ne. Ai Sayyidina Umar (RA) ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka. Sabulu kuwa yana narkar da rigar kitsen da bairas ke sanye da ita, don haka alwala kaɗai ba ta wadatar bayan jinyar mara lafiya, sai an haɗa da shi.