Garkar Tsoho da Tsohuwa

Karatu: 2 Sama'ila 17:27-29 da 19:31-39

Baba da Inna, wannan darasi naku ne. Ku ƴaƴa da jikoki kuma ku matso ku ji, gama akwai rabonku a ciki.

A ƙauyukanmu da yawa, daga Katsinar Maraɗi da Gobir har Adar da Damagaram, in an gama girbi an kai damma rumbu, gari ya kan koma na tsofaffi da mata da yara. Samari sun tafi ci-rani, waɗansu Kano ko Legas, waɗansu Agadas, Libiya ko Aljeriya. A gida an bar tsoho da tsohuwarsa, da jikoki uku ko huɗu, da ƴan awaki, da kare, da rumbun da ba a tabbata zai kai damina ba. Wani tsoho ya kan ƙi yarda shekaru sun zo. Ya ɗauki hauya ya nufi gonar da ya noma yana ɗan shekara 30, kafin maimai ya kwanta ciwo, gona ta zama ta ciyawa. Wani kuwa ya shimfiɗa tabarma a gindin itace, yana jiran ranar da ɗansa zai aiko kuɗi. In ba a aiko ba, gida ya kwana da yunwa. Dukansu biyu matansu ne ke shan wahalar.

Barzillai ya san ma'auninsa

Barzillai mutumin Rogelim ne a ƙasar Gileyad, shekararsa 80. Sa'ad da Absalom ya tayar wa ubansa, Sarki Dawuda ya gudu ya sauka Mahanayim da jama'arsa, ga gajiya, ga yunwa, ga ƙishirwa. Tsohon nan da waɗansu mutum biyu suka kawo masu shimfiɗu da tukwane, alkama da gari da wake, zuma da tumaki. Da yaƙi ya ƙare, sarki ya ce masa ya biyo shi Urushalima ya zauna a fada, a riƙa ciyar da shi. Barzillai bai yarda ba. Ya nuna wa sarki bakinsa ya daina rarrabe daɗin abinci, kunnensa ya daina jin mawaƙa, in ya tafi zai zama kaya ne kawai. Ya raka sarki ƙetaren Urdun, ya ba shi Kimham ya tafi a madadinsa, shi kuwa ya koma garinsu inda kabarin iyayensa yake.

Ku duba da kyau. A shekara 80 hannunsa yana bayarwa har yanzu. Amma ya san tafiyar da ƙafarsa za ta iya, ya bar wa yaro wadda ta fi ƙarfinsa, bai kuwa ji kunyar faɗin haka a gaban sarki ba. Babbar gona ta daji, Baba, ita ce Urushalima taka. Ka bar wa ƴaƴa ita, ko ka ba wani aro a gaban shaidu. Kai da Inna ku dawo kusa da gida, kusa da rijiya.

Ku ƙidaya guga kafin ku kafa shinge

Da yawa cikinku kun tuna farin 1984, da yadda gwamnatin Seini Kunce ta tura mutane noman rani bayansa. Wataƙila da hannunku kuka gina rijiyar da ke cikin fadama yau. Kun san aikin garka ba baƙo ba ne. Abin da ya sake shi ne bayanku da gwiwoyinku.

Garka ba ta kashe mutum da shuka, da ban ruwa take kashe shi. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 ya kan sha lita 25 zuwa 30 kowace rana a lokacin ɗari, in bazara ta shigo kuwa ya fi haka. Wannan bido guda ne cike, nauyinsa kilo 25. Fangali huɗu, bido huɗu ko biyar ke nan kullum, har ranar Lahadi, har ranar da za ku tafi gaisuwar mutuwa a wani gari. Saboda haka ga ma'aunin da ya kamata ku bi: ku yi garkar da ɗayanku shi kaɗai zai iya bai wa ruwa in ɗayan ya kwanta ciwo. In Inna ba za ta iya ita kaɗai ba, garkar ta yi yawa, ko da Baba yana jin ƙarfi bana.

Akwai dabarun rage jan guga. Ku rufe ƙasar fangali da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa don rana kada ta shanye laima. Ku yi ban ruwa da sassafe da maraice. Ruwan da aka wanke hatsi da shi kada a watsar, a kai gindin zogale. Ku samu tulun ƙasa, ku binne shi har wuya a tsakiyar shuka, ku cika shi da ruwa ku rufe bakinsa saboda sauro. Ruwa zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa, sai bayan kwana biyu ko uku ku ƙara. Shinge kuma, maimakon neman ƙaya kowace shekara, ku dasa aguwa kafin ruwan fari ya sauka, gama awaki ba su cinta. In kun haɗa da lalle, Inna ta sami na sayarwa.

Me za ku shuka? Zogale da fari. Mutanen Jiratawa kusa da Maraɗi sun mai da shi sana'a, amma ku gindi goma sun ishe ku. Cikin wata uku za ku fara tsinka, in kuna sare kansa daidai ƙugun mutum ba zai tsere wa hannunku ba, zai yi ta toho. In jikanku ya fara laluben hanya da magariba yana tuntuɓe, dundumi ke nan, rashin bitamin A ke kawo shi. Ku kai shi likita, ku kuma yawaita masa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da karoti, da kabewa, da gwanda. Ganyen da za a ajiye a shanya shi a inuwa, rana tana rage masa amfani. Bayan zogale sai kuɓewa da yakuwa da alayyafo, ɗan tumatir, ɗan tonka, fangalin salati guda. Albasa ku yi ta miya kawai. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen bakin teku, amma noman kasuwa ne na masu jini a jika: dashe, da ban ruwa wata huɗu, ga shi in kowa ya kwashe tasa a lokaci ɗaya kuɗinta ya kan faɗi.

Ƙwari in sun taso, ku daka ƙwallon dogon yaro, ku jiƙa ya kwana, ku tace ku yayyafa da maraice. Maganin kwalba na kasuwa guba ne. A gidan da jikoki ke yawo, kada a zuba shi cikin gorar lemo, kada a ajiye shi ƙarƙashin gado.

Wani aiki kuma da ya dace da tsoho shi ne sassaben zamani, wanda aka soma yaɗawa a ƙasar Maraɗi tun 1983. Wuƙa mai kaifi ce kaɗai kayan aikinsa. Ka sami kututturen kalgo ko sabara da ke toho, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Cikin ƴan shekaru Inna ta huta da tafiya mai nisa neman itacen wuta.

Bisashen gida

Sa'ad da annabi Natan ya je tsauta wa Dawuda, misalin da ya kawo na wani matalauci ne mai ƴar tunkiya guda, wadda ta girma tare da ƴaƴansa, tana ci daga abincinsa, tana sha daga ƙoƙonsa (2 Sama'ila 12). Dawuda makiyayi ne tun yana yaro, nan da nan zuciyarsa ta ƙuna. To, in ka ji tsohuwa tana hira da akuyarta, kada ka yi mata dariya. Gidan da dā ya cika da surutun ƴaƴa, yanzu kukan akuya da asuba shi ke tashe ta, shi ke ba ta dalilin fitowa.

Amma a nan ma sai da ma'auni. Jar akuyar Maraɗi biyu ko uku da aka ƙosar sun fi goma da ke yawon bola. Wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye take haifa. Ku tanadi harawa tun kaka, ku tara ƴaƴan gawo in sun zubo, ku haɗa da dusa. Ku tsince leda daga tsakar gida, gama akuya in ta haɗiye ta, ta kan cushe mata tumbi, ta yi ta ramewa har ta mutu ba a san dalili ba. Nonon akuya a tafasa shi kafin a ba yaro. Ma'aikatan kiwo in sun zo allurar rigakafi, kada ku ɓoye bisashenku. Kaji ma akwai rigakafin ciwon nan da ke share su a lokacin ɗari, a yi masu tun sanyi bai shigo ba. Kashin awaki da na kaji, in an tara a rami ya ruɓe, shi ne takin garkarku. Ganyen da kuka zage daga garka kuwa ya koma bakin akuya.

Kyanwa ba ta da wuyar riƙo, ɗan nono da ragowar tuwo sun ishe ta, ita kuwa ta tsare muku rumbu daga ɓeraye. Kare ya fi bukatar magana. Ga tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi, kare shi ne kunnensu da dare. Ya cancanci abinci da ruwa da inuwa, ba jifa ba. Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin halayen adali. Amma ku tuna maƙwabtanku Musulmi suna ƙyamar yawun kare. Ku ɗaure shi da rana, kada ya je bakin rijiya ko wurin alwalarsu, kada kare ya ɓata zaman da kuka yi shekara 40 kuna gyarawa.

Ga magana mai nauyi, ku riƙe ta. Haukan kare ba ya da magani in alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kuma yara ya fi kamawa, don su ke wasa da karnuka. In kare ko kyanwa ya ciji jikanku, ko ya yakushe shi, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan ku kai shi likita a ranar nan. Kada ku tsaya ɗaura gashin kare ko saiwa a kan ciwon, kada ku ce ai ƙaramin cizo ne. Karen a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a tafi likita. Naku karen kuma ku kai shi wurin likitan bisashe a yi masa allura tun yana wata uku, ku riƙa sabuntawa kowace shekara.

Ku ƴaƴa da ke nesa

Garkar nan ba ta sauke muku nauyi ba. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa ƴaƴa da jikoki su fara nuna ibadarsu a cikin gidansu, su sāka wa iyayensu (1 Timoti 5:4, 8). A Markus 7 kuma Yesu ya tsauta wa masu fakewa da baiko don su hana iyaye abin da ya wajaba. Kafin ku tafi ci-rani, ku yashe rijiya, ku gyara bakinta don kada tsoho ya zame, ku sa gwafa da ƙarfen jan guga, ku sayi sabuwar igiya, ku kafa shinge, ku kai taki. Aikin kwana uku ne ga saurayi, ga tsoho kuwa na wata guda. Yaran da kuka bari a hannunsu su taimaka da ban ruwa safe da maraice, amma kada a fid da su daga lakwal saboda garka.

Ranar da ɗaya zai rage

Baba, akwai zancen da maza ba su son yi. Ɗayanku zai riga ɗaya, sau da yawa kuwa miji ne. Mun sha ganin tsohuwar da ta yi shekara 20 tana jan ruwa a garka, mijinta ya rasu, kafin a share makoki dangi sun zo sun ce ƙasar gado ce. Awakin da ta reno ma an haɗa an raba. Ta koma zaman ɗaki a gidan suruka, sai abin da aka miƙo mata.

Kana da ikon hana wannan tun kana numfashi. Ka zauna da Inna ku biyu tukuna, ka tambaye ta abin da take so, gama wataƙila ba abin da kake tsammani ba ne. Sa'an nan ka tara ƴaƴanka lokacin da suka dawo noma, ka faɗa da bakinka: garkar nan da rijiyarta da itatuwanta na uwarku ne muddin ranta, awakin nan kuma nata ne tun asali. Kada ka tsaya ga baki kaɗai. Tun 1993 ƙasar Nijar tana da dokar karkara, a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin gonaki da ake kira Kofo, har a ƙauyuka da dama, inda mai gari ke shugabanta. Suna ba da takardar shaidar kyauta, ko aro, ko sayarwa. Ka je da Inna, da babban ɗanka, da shaidu biyu, ɗaya daga cikin danginka. In an rubuta an sa hannu, a yi takardar biyu, ɗaya ta zauna a adakar Inna, ɗaya kuma a hannun fasto ko wani dattijon ikilisiya.